Tamburan sarauta a bangon majalisar dokokin Birtaniya

Takardun ado da ke manne a bangon fadar Westminster, mazaunin majalisar dokokin Birtaniya a birnin Landan, suna ɗauke da tamburan gidajen sarautar ƙasar, kuma kowane tambari da tarihinsa.

Gobara ce ta cinye tsohuwar fadar a watan Oktoban 1834. Aka ɗora wa Charles Barry alhakin sake gina ta, shi kuma ya ɗauko Augustus Pugin domin ƙawata cikinta.

Pugin ya zana nau'in takardar bango fiye da 100 domin ginin kafin rasuwarsa a 1852, yana da shekara 40.

Ma'anar tamburan

Ɗaya daga cikinsu shi ne furen wardi na gidan Tudor. Ya haɗa jan fure na gidan Lancaster da farin fure na gidan York, alamar sulhu bayan yaƙin gadon sarautar da ya ɗora Henry na Bakwai kan karaga a 1485.

Akwai kuma kyauren ƙarfe mai raga, irin wanda ake saukewa a ƙofar ganuwa. Tambarin dangin Beaufort ne, wato dangin mahaifiyar Henry, kuma a yau shi ne alamar majalisar kanta.

Wasu takardun na ɗauke da haruffan VR, wato sunan Sarauniya Victoria a taƙaice.

Yadda ake buga su

Ana sassaƙa zanen a kan katako, a shafa launi, a danna shi kan takarda da hannu, kowane launi da katakonsa. Wasu akan barbaɗa musu garin ulu a kan gam, sai su yi laushi kamar karan-miski.

Aikin na cin lokaci da kuɗi. A 1998 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka ji cewa an kashe fam 59,000 kan takardar bango kaɗai a gidan Lord Irvine, shugaban majalisar dattawa na lokacin, wanda ke cikin fadar.

Masu suka sun ce almubazzaranci ne da dukiyar jama'a. Shi kuwa ya kare aikin da cewa 'yan baya za su gode da shi.