Ƙidayar Goro a Sabon Ibadan

A unguwar Sabo da aka kafa a Ibadan a 1916, amanar cinikin goro a kan ƙidaya ta tsaya. Ƙwarya ɗaya goro ɗari ce, kuma da wannan lissafi ake ɗaure huhu cikin ganye a tura Kano, mai gida ya tsaya wa fataken da suka sauka wurinsa. Wani zai ce adadi ba ya tona ƙwaron da ya ci goro ta ciki. Gaskiya ne, shi ya sa ake tsince goron ɗaya bayan ɗaya. Amma in ɗari ta dawo casa'in da tara, an gane akwai matsala kafin a fasa ko guda.