Tarihin Mako: Jelifish da Abin da Ya Sami Masuntan Japan

Mu mutanen Batsari da Safana nesa muke da teku, shi ya sa idan muka ga hoton mai nutso, da tukunyar iska a bayansa, yana iyo kusa da wata halitta mai kama da laima wadda ta kai shi girma, sai mu ce haɗi ne. To, gaskiya ne. A watan Yulin 2019 wata masaniyar halittu, Lizzie Daly, ta yi nutso a gaɓar Falmouth ta Ingila, ta ci karo da irin wannan halitta mai tsawon kusan mita 1.5, abokin aikinta Dan Abbott kuma ya ɗauki hoton.

Sunanta jelifish. Ba ta da ƙashi, ba ƙwaƙwalwa, ba zuciya. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, ga igiyoyi masu harbi suna reto a ƙarƙashinta.

Wadda Lizzie ta gani ba ta da dafi sosai. Mai tarihin ɓarna tana tekun Japan. Ana ce mata Nomura, faɗinta kan kai mita 2, nauyinta kilo 200. A ƙarni na 20, sau uku aka ga ambaliyarta: 1920, 1958 da 1995. Kusan shekara 40 ke nan tsakanin kowace zuwa. Amma daga 2002 zuwa 2009 sai ta koma zuwa kusan duk shekara. Takan cika taru har ya yage, ta murƙushe kifin da aka kama, dafinta ya ɓata sauran. A ƙarshen 2009, kusa da Chiba, nauyinta ya kifar da jirgin kamun kifi mai tan 10 yayin da ake jawo taru. Wani jirgi ne ya ceci mutum ukun da ke ciki.

Me ya jawo haka? Masana irin su Shin-ichi Uye na Jami'ar Hiroshima sun bi sawunta zuwa tekun da ke tsakanin Sin da Koriya, inda take hayayyafa. Sun nuna cewa an kwashe kifin da ke raba abinci da ita, takin zamani da ƙazantar birane sun kwarara teku sun ƙara mata cima, ruwan kuma ya ƙara ɗumi. Da fili ya zama nata, sai ta yaɗu.

Nan ne zancen ya shafe mu. Muna maƙwabtaka da dam ɗin Zobe da na Jibiya, kifinsu muke ci. Duk wanda ya sa gidan sauro a ruwa ko ya zuba guba, ya kwashe har da 'ya'yan kifi, ya ci rabon baɗi. Haka Dajin Rugu: dattawanmu sun san shi da duhuwa da namun daji da makiyaya mai yalwa, mu kuma mun ga yadda gatari da buhun gawayi suka rage shi.

Masuntan Japan suna da jirage da jami'o'i, duk da haka sun sha wuya. Mu da ba mu da ko ɗaya, gara mu hana tun ba a kai can ba.

Dattawan zaure, ku faɗa mana: wane kifi ko naman daji kuka sani da ƙuruciya wanda yanzu ba a ganinsa?