TARIHIN IYAFIS: Yadda Sauti Mai Kyau Ya Sauko Zuwa Aljihun Talaka

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma irin tarihin da zai iya hana ka asarar kuɗinka a kasuwa. Tambayar da ake yawan yi ita ce: iyafis mai arha yana iya ba da sauti mai kyau kuwa, ko dole sai mai tsada? Hausawa dai sun ce arha ba ta ado. To bari mu ga ko maganar ta ci iyafis.

DAGA TARHO ZUWA KASET

A shekarar 1891 wani injiniya Bafaranshe, Ernest Mercadier, ya yi rajistar wata na'ura mai kai biyu da ake sawa a kunne. Don sauraron tarho ya yi ta, saboda mutum ya samu hannuwansa biyu ya ci gaba da aiki. Lokacin babu ruwan kowa da daɗin sauti, a ji magana kawai.

Da ƙananan rediyoyin aljihu suka fito, irin su Regency TR-1 a 1954, sai aka riƙa sayar da su da ɗan iyafis na kunne ɗaya. Sautinsa siriri ne, kamar ana magana a cikin gwangwani. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, mutane suka fara yawo da kaset a ƙugu. A 2001 kuma Apple ya kawo iPod da farin iyafis ɗin nan da duniya ta sani.

Sai dai waɗannan ƙananan duk matsalarsu ɗaya: a bakin kunne suke zama, ba sa toshe shi. Iska na wucewa ta gefe, kaurin sauti, wato bes, yana zurarewa, hayaniyar titi tana shigowa. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙure murya amma bai ƙoshi ba.

MAGANIN YA FITO DAGA INDA BA A ZATA BA

Masu ƙera na'urar taimaka wa masu matsalar ji sun daɗe da sanin cewa sai an toshe ramin kunne sauti ke zama. A 1991 wani kamfanin Amurka mai wannan sana'a, Etymotic, ya fitar da ER-4, iyafis mai robar da ke shiga can ciki. Farashinsa wajen dala 300. A 1995 kuma wani mai haɗa sauti, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen nasa, domin ya riƙa jin abokan kiɗansa ba tare da ƙarar dandali ta ƙarasa masa kunne ba. Daga nan manyan mawaƙa suka rungumi abin, ana auna kunnen mutum a zuba masa daidai da shi. Sauti ya yi kyau ƙwarai, amma kuɗin sai wane da wane.

SHIGOWAR 'YAN CHINA

Masana'antun Shenzhen da Dongguan sun shafe shekaru suna ƙera wa manyan kamfanonin duniya kaya. A nan suka koyi aikin ciki da bai, ga kayan haɗi a ƙofar gida. Sai suka fara fitar da nasu da sunansu. A 2013 Xiaomi ya saki Piston a kan yuwan 99, ƙasa da dala 20, mutane suka sha mamaki. Kamfanoni irin su KZ suka biyo baya da iyafis masu wayar da ake cirewa a canza in ta lalace.

A nan ne kuma aka shiga gasar yawan sifiku: wannan ya ce nasa huɗu ne a kunne ɗaya, wancan ya ce takwas. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sifika takwas da ba a daidaita ba, ɗaya tak da aka saita da kyau ta fi su.

RANAR DA AKA AUNA

Tun wajen 2012 masu bincike a kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive, suka riƙa sa mutane suna sauraro ba tare da sun san suna ko farashin abin da ke kunnensu ba. Suka gano yawancin mutane ma'auni kusan ɗaya suke so: bes mai ɗan nauyi, murya a fili, saman sauti ba mai tsaga kunne ba. A 2017 wani masani, Jeroen Breebaart, ya duba awon na'urorin kunne 283, ya tarar farashi ba ya nuna yadda sautinsu ya daidaitu.

Da wannan ilimi ya bazu, ƙananan kamfanoni suka fara saita kayansu a kansa. A 2022 aka ga Moondrop Chu da 7Hz Zero, kowanne dala 20, kowanne sifika ɗaya a kunne, kuma masu gwaji suna jera su da waɗanda suka ninka su kuɗi. Abin da a 1991 sai mai dala 300 ke kusantarsa, ya zo hannun ɗalibi.

TO INA MARA WAYA?

A 2016 Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, ya fito da AirPods a dala 159, kowa ya koma Bluetooth. A kasuwanninmu, irin su Farm Centre ta Kano, za ka ga Oraimo, ɗan gida ɗaya da Tecno, Infinix da itel, ga kuma tulin marasa suna da jabu masu kama da na gaske.

Ga lissafin da ya kamata ka yi: kuɗin mai waya kusan duk a sifika da gangar jiki yake tafiya. Na mara waya kuwa sai an raba shi: batir a kowane kunne, wani a akwatin caji, ga kwakwalwar Bluetooth, ga makirfo. Don haka a kuɗi ɗaya, galibi mai waya ya fi sauti, kuma ba shi da batirin da zai gaji bayan 'yan shekaru. Mara waya sauƙi yake sayar maka, kuma sauƙin ma abin biya ne, in ka san shi ka saya.

ABIN DA TARIHIN YA KOYA MANA

1. Toshewa ce gaba da komai. Gwada robobin nan uku da ke cikin kwali. In hayaniyar waje ta ragu, bes ya fito, ka samu daidai kunnenka.

2. Kar yawan sifiku ko rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Saurari muryar da ka sani sosai, ko karatu ko labarai. In ta dusashe ko tana sukar kunne, ajiye shi.

3. In wayarka ba ta da rami, ɗan mahaɗin Type-C mai kyau ya wadatar. Ka dai gwada shi a wayarka kafin ka biya, don ba kowanne ke yi da kowace waya ba.

4. Mai arha daban, jabu daban. Ƙaramin kamfani mai sa sunansa ya fi wanda ya saci sunan babba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

5. Kunne ba shi da safaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80, awa 40 a mako ne iyakarta ga babba, kuma tana ba da shawarar kar a wuce kashi 60 cikin 100 na muryar waya. Iyafis mai toshewa da kyau yana taimakawa a nan, tunda ba sai ka ƙure ba.

Kenan a harkar iyafis, yanzu arha tana ado, in ka san abin da kake nema. Tura wa wanda ka san yana shirin saye. Allah Ya sa mu dace.