Tarihin tsame ɗan juri ba tare da faɗin dalili ba

A Ingila da wasu ƙasashen da suka gaji dokarta, ba alƙali kaɗai ke yanke hukuncin manyan laifuka ba. Akan zaɓo mutanen gari goma sha biyu, waɗanda ake kira juri, su saurari shaidu, su ce an aikata laifin ko ba a aikata ba. Kafin a rantsar da su, a al'adance lauya yana da wata dama: ya dubi mutum ya ce bai yarda da shi ba, kuma ba mai tambayarsa dalili.

Asalinta kariya ce ga wanda ake tuhuma, a zamanin da sata ma kan kai mutum ga rataya. A Ingila, a da yana iya ƙin mutum 35. An rage zuwa 20 a 1530, zuwa 7 a 1948, zuwa 3 a 1977, aka soke ta baki ɗaya a 1988.

A Amurka reshe ne ya juye da mujiya, domin masu gabatar da ƙara suka mai da ita hanyar kawar da baƙar fata. James Batson, da aka tuhuma da fasa gida a Kentucky, yana zaune ya ga an tsame duk baƙaƙen fata huɗun da aka kira, farare zalla suka kama shi da laifi. A 1986 Kotun Ƙoli ta haramta tsame mutum saboda launin fatarsa. Mai shari'a Thurgood Marshall ya amince, amma ya ce maganin shi ne a soke damar, tun da lauya ba ya rasa uzurin da zai fake da shi. Lokaci ya gaskata shi. Sau shida aka gurfanar da Curtis Flowers a Mississippi kan tuhuma guda, mai gabatar da ƙara ya tsame baƙaƙen fata 41 cikin 42, sai a 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin.

Kanada ta soke damar a 2019, jihar Arizona ta bi sahu a 2022. Masu kare ta suna cewa akwai ƙiyayyar da ake gani a fuska amma ba a iya kawo mata hujja. Faransa kuwa tana nan kan bakanta: wanda ake tuhuma yana ƙin mutum huɗu, mai gabatar da ƙara uku.