Tarihin Jira: Ƙullutun Mama da Amsar Likita a Ƙasar Rima



Abin da za mu duba yau shi ne wani irin jira wanda kakanninmu ba su san shi ba. Mace ce a Goronyo, ko Wurno, ko Raba, ta ji ƙullutu a mamanta, ta zo Sakkwato, likita ya sa allura ya ɗebi ɗan tsoka, ya ce ta koma gida sai sakamako ya fito. Kwanakin nan masu nauyi ne ƙwarai. Amma tarihi zai nuna mana cewa wannan jira gado ne da aka sha wuya kafin a same shi, kuma jiran da ke hallaka matanmu wani ne dabam.

A zamanin da, ido da hannu kaɗai mai magani yake da su. Wata takardar Misira da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ta siffanta kumburin ƙirji mai tauri, ta yanke cewa ba shi da magani. Al-Zahrawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana cewa in ciwon yana ƙarami, a wurin da za a iya cire shi ɗungum kamar mama, to a cire. In kuwa ya tsufa ya yi girma, kada a taɓa shi. Watau tun shekara dubu da suka wuce an gane cewa lokaci shi ne jigon al'amarin. Abin da aka rasa shi ne hanyar rarrabe mugun ƙullutu da mai lafiya tun yana ƙarami.

Ƙasar Rima ba baƙuwar ilmin magani ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, ya wallafa littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Wannan ya isa amsa ga mai cewa zuwa asibiti ya saɓa wa tafarkin magabata. Sai dai talakan wancan zamani wanzami da boka da ungozoma ya sani. In kumburi ya nuna, a yi sakiya. In ya ƙi, ya fashe, ya yi ta ci, a kira shi daji ko sankara. Sunan yakan zo ne bayan ciwon ya riga ya fi ƙarfin kowa.

Madubin likita ne ya sauya wannan. A 1858 Bajamushe Rudolf Virchow ya kafa hujja cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar jiki, saboda haka ana iya ganinta a ɗan yankin tsoka. A 1894 William Halsted na Amurka ya bayyana fiɗarsa, wadda ake cire mama duka da naman ƙirji da kaluluwar hammata. A 1905 kuma Louis Wilson ya fito da dabarar daskarar da tsoka a duba ta cikin 'yan mintoci. Da aka haɗa biyun, sai aka shekara kusan 70 ana sa mace barci ba ta san abin da za ta tarar ba: in madubi ya ce daji ne, nan take a cire, sai ta farka ta shafa ƙirjinta ta sami labari. Wata 'yar jarida, Rose Kushner, ta ƙi yarda da haka a 1974, ta yi ta fafutika har wani babban taron masana a Amurka ya amince a 1979 cewa a raba gwaji da fiɗa. Ashe kwanakin jiran nan haƙƙi ne da mata suka ƙwato, domin mace ta ji, ta yi shawara da nata, ta zaɓa.

A nan gida, an kafa rajistar ciwon daji a Ibadan a 1960. Jami'ar da Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Raba, ya kafa a Zariya a 1962 ta buɗe sashen koyon likita a 1967. Jami'ar Sakkwato ta zo a 1975, asibitin koyarwarta ya biyo baya, aka sami ɗakin binciken tsoka, daga baya kuma sashen gashi da haske. Burin Bello ya cika bayan shekara fiye da 150.

Me ke faruwa cikin kwanakin jiran? Ana tsoma tsokar a ruwan magani don kada ta lalace, a daskarar da ita cikin kakin zuma na asibiti, a fere ta siririya fiye da fatar albasa, a rina, sa'an nan masani ya duba. Galibin ƙullutun mama, musamman ga 'yan mata, ba daji ba ne. In kuwa shi ne, akan ƙara gwaji don a san irinsa, domin magani ya bambanta: fiɗa, wadda bincike ya nuna tun 1985 cewa sau da yawa ba sai an cire mama duka ba, da ƙarin ruwa, da gashi, da ƙwayoyi irin su tamoxifen.

To, ina matsalar take? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mata fiye da 32,000 sun kamu da sankarar mama a Nijeriya cikin shekara guda, fiye da 16,000 sun rasu. Babban dalili shi ne zuwa a makare. Kafin mako biyu na ɗakin bincike, akwai watanni na kunya da ɓoyewa, da jiran izinin maigida, da jiran a sayar da albasa ko shinkafar fadama a sami kuɗin mota, da zagaye daga mai magani zuwa mai magani. Bayan sakamako kuma wasu sukan ɓace don tsoron wuƙa. Hukumar ta sa ma'auni a 2021: a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga zuwan mace na farko asibiti.

Wannan ma'auni aikinku ne, ku ma'aikata. Takardar turawa da ta kwana a tebur, da kwalbar tsoka da ta rasa mai kai ta Sakkwato, da sakamakon da ba a nemi mai shi ba, kowannensu kwanaki ne daga ran wata baiwar Allah. Ku kuma ɗalibai, ku koma gida ku gaya wa iyayenku mata da 'yan'uwanku cewa ƙullutun da ba ya zafi shi ma a nuna shi. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Haƙurin mai jiran sakamako ibada ne, amma zama da ƙullutu a ɗaki sakaci ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.