Jaruman Kannywood da Masu Sharhi: Tambaya Gabas, Amsa Yamma

A shagon wani mai tura finafinai a Faskari na tarar da matasa huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon hira da wani jarumi. An tambaye shi me zai ce wa masu cewa labarin sabon fim ɗinsa bai ɗauru ba. Ya gyara zaman hula, ya murmusa, ya ce su dai faɗakarwa suke yi, kuma wanda Allah ya ɗaukaka ba ya rasa mahassada. Ɗaya daga cikin matasan ya ja tsaki: "Malam, an tambaye ka hanyar Funtuwa, kana nuna ta Gusau!"

Yaron ya gama nazarin. Ana yi wa jarumanmu tambayar sana'a, su ba da amsar tarbiyya. Sai dai ni ban ɗauki wannan a matsayin girman kai zalla ba. Tsoro ne mai tarihi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sukan da ya fi jijjiga masana'antar daga mumbari da ofishin hukuma ya fito. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001. Daga 2007, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar, an dakatar da shirya fim na watanni, har Adam A. Zango da Hamisu Iyan-Tama suka shaƙi iskar gidan yari. A 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau kan bidiyon waƙa, kuma a shekarar ne hayaniyar malamai ta binne shirin gina dandalin fim a garin Ƙofa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Shi ya sa da jarumi ya ji kalmar "suka", ɗayan biyu yake yi: ko ya kare mutuncinsa, ko ya nemi afuwar al'umma, alhali mai sharhi kan hasken kyamara da zaren labari kawai ya yi magana.

Masu sharhin kuwa muna da su. Ibrahim Sheme, ɗan wannan ƙaramar hukuma ta Faskari, ya kafa mujallar Fim tun 1999. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin aron da ake yi daga finafinan Indiya, Muhsin Ibrahim kuma ya daɗe yana feɗe finafinai ɗaya bayan ɗaya. Ba kasafai ake karanto hujjarsu a zauren hira ba. Sai dai a dunƙule su cikin "wasu na cewa".

Laifin nan har da na masu gabatarwa. Aminu Sharif Momo na Kundin Kannywood a Arewa24 da Hadiza Gabon mai nata shirin hira duk 'yan fim ne. Da wuya ka ƙure wanda gobe za ku haɗu a wajen ɗaukar fim. Daga Bakin Mai Ita na BBC kuwa tarihin rayuwa ya fi nema.

Roƙona ga masu shirya hira shi ne su gayyato mai sharhin da kansa, su zaunar da shi gefen jarumi, a kunna fitowar da ake taƙaddama a kanta, kowa ya kawo hujjarsa. Matasan Faskari da ke biyan kuɗin turi suna jira.