Jinyar Hujin Kunne da na Hanci: Al'adar Hausawa a Ma'aunin Likitanci

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake jinyar hujin kunne da na hanci a ƙasar Hausa, ta kuma auna shi da abin da likitanci ya tabbatar game da warkewar rauni. Hanyar da aka bi ita ce bitar rubuce-rubucen masana fata da ƙa'idojin hukumomin lafiya, sannan aka kwatanta su da abin da aka saba yi a gidaje. An gano cewa al'ada ta dace wajen zaɓen gurbin huji da yin sa tun ana ƙanana, amma ta yi tuntuɓe wajen kayan aiki da jinya. Yayin zamani kuwa ya yar da inda ta dace, ya riƙe inda ta kuskure.

1.0 Gabatarwa

Da wuya 'ya mace ta isa yaye a ƙasar Hausa kunnenta ba huji. Galibi wata dattijuwa ce ko unguwarzoma ke yi da allura da zare, ta ƙulle zaren ta bar shi. Daga nan sai uwa ta riƙa shafa man kaɗe ko man shanu, tana jan zaren gaba da baya don kada ya kama nama, har ranar da za a sa barima. A birane yanzu ana zuwa kemis ko shagon kwalliya a harba ɗan kunne da 'yar bindiga. Saboda abin ya zama ruwan dare, ba a lissafa shi cikin rauni, alhali rauni ne sosai, kuma wanda aka bar baƙon abu a cikinsa da gangan.

2.0 Yadda huji ke warkewa

Yanka na yau da kullum yana warkewa ne idan bakinsa ya haɗe. Huji kuwa ba a son ya haɗe. Abin da ake jira shi ne sabuwar fata ta tsiro daga gaba da baya, ta lulluɓe cikin ramin har ta zama ɗan bututu. Wannan fata tana da laushi ƙwarai a makonnin farko, kuma duk jan zare ko juya ɗan kunne yana yage ta, ya kuma tura dattin waje zuwa ciki. Ke nan dabarar da iyaye ke yi don kada huji ya toshe ita ce ke jinkirta warkewarsa.

Fatar kunne ta ƙasa tana da wadatar jini, shi ya sa takan warke cikin mako 6 zuwa 8. Saman kunne guringuntsi ne, ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga tantanin da ya lulluɓe shi yake samun abinci. Hujinsa kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Gefen hanci ma yakan ci watanni. Ɗan ruwa fari-fari da ke bushewa ya yi ɓawo a bakin huji ba mugunya ba ce, alamar aikin warkewa ce.

3.0 Inda al'ada ta dace

Babbar matsalar huji ga baƙar fata ita ce kiloyid, wato tsiron tabo da ke wuce iyakar raunin ya yi ƙululu, kuma ko an yanke shi sau da yawa yakan dawo. A 2005 Lane da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Pediatrics kan mutum 32, inda suka sami tsiron a kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka huda suna da shekara 11 ko fiye, da kashi 23.5 na waɗanda aka huda kafin nan. Adadin mutanen ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma ya karkata ga abin da kakanni ke yi: huji ɗaya, a fatar ƙasa, tun yarinya tana ƙarama. Budurwar da ta je aka jera mata huji uku a saman kunne ta haɗa haɗari biyu, na shekaru da na guringuntsi. Idan kuma akwai masu irin wannan tsiro a danginta, ya zama uku.

4.0 Inda ta yi tuntuɓe

Na farko shi ne kayan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Allura ɗaya ga yaran gida guda, ko da an goge ta da tsumma, hanya ce buɗaɗɗiya. Bindigar shago ma ba ta tsira ba, domin yawancinta roba ce da ba ta jure tukunyar tururi ta asibiti mai zafin digiri 121, kuma da ƙarfi take kutsa ƙarfe mai dakushi, abin da ke iya farfasa guringuntsi.

Na biyu shi ne abin da ake bari a ramin. Zare yana tsotse danshi ya riƙe ƙwayoyin cuta, tsinken tsintsiya kuwa ya fi shi muni, don yana iya ɗauko tetanas mai sarƙe haƙora. 'Yan kunnen kasuwa masu araha sau da yawa suna da ƙarfen nikel, wanda ke sa ƙaiƙayi da ɗurar ruwa, har a ce kunnen yarinya “ba ya son ƙarfe”. Tarayyar Turai ta kafa doka kan nikel tun 1994, kuma a yau ba ta yarda abin da za a sa cikin huji ya saki fiye da maikurogiram 0.2 a kowane murabba'in santimita a mako ba. Gwal mai karat 14 zuwa sama ko titaniyam su ne zaɓin da ya fi aminci.

Na uku shi ne shafe-shafe. Mai yana toshe bakin rauni ya kama ƙura, musamman da hunturu. Sifirit da haidurojin da 'yan birni suka musanya shi da su suna ƙone sabuwar fatar ne. Abin da masana suka tsaya a kai mai sauƙi ne: a wanke hannu, a tsabtace wurin da ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari sau ɗaya ko biyu a rana, a busar da shi, a bar shi ya huta. A kula da ɗankwali da hijabi da zanen goyo, don su ne ke yawan fizgar ɗan kunne.

Akwai batun alwala, wanda rubuce-rubucen Turai ba su damu da shi ba. Mai sabon huji tana taɓa kunne da hanci da ruwa sau da yawa a yini, kuma ƙwayar Pseudomonas aeruginosa, wadda ta fi lalata guringuntsin kunne, a ruwa da danshi take zama. A mazhabar Malikiyya shafar kunne da shaƙa ruwa sunnoni ne, hukuncin mai rauni kuma na malamai ne. Ta fuskar lafiya dai, a yi amfani da ruwa mai tsabta, a busar da wurin bayan an gama.

5.0 Alamomin da ke bukatar asibiti

Ja mai yaɗuwa, zafi mai ƙaruwa bayan kwanakin farko, mugunya mai wari, ɗan kunne ya nutse cikin nama, ko zazzaɓi. A saman kunne kada a jira gobe, domin mugunya tana raba guringuntsi da tantanin da ke ciyar da shi, ya mutu, kunne ya tattare har abada. Jaririya mai zazzaɓi kuwa ba ta kemis ba ce.

Game da lokacin huji, ra'ayin wannan nazari shi ne a ci gaba da yi da ƙuruciya, amma a ɗaga shi daga makon suna. Jadawalin rigakafi na Nijeriya yana ba da allurar da ta haɗa tetanas da ciwon hanta nau'in B a mako na 6 da na 10 da na 14. Iyaye su bari a kammala ukun nan kafin allurar huji ta taɓa kunnen 'yarsu, kuma allurar ta kasance sabuwa, a gabansu za a ɓare ta.